Tukwanen da ya hana

Yayana shi ne ɗan gidanmu na farko da ya shiga lakwal, makarantar boko, daga Buza har jami'ar Yamai, har ƙasar Turawa. Mun zaci likita zai dawo mana. Ashe ilimin tone-tone ya karanto, na mutanen da suka zauna duwatsun Adar tun kafin zuwan Musulunci. Inna ta ce, "Wanga karatu duka, don ka zama mai tonon kushewa?" Dariya kawai ya yi.

Kowane bakansi, in an yi hutun makaranta, sai ya taho da ɗalibansa cikin mota, su nufi wajen Keita da buroshi da ƴan cokula. Ni ƙanwarsa nake yi musu tuwo. Wata rana na tambaye shi yadda yake gane inda mutum ke kwance alhali ba wata alama. Ya ɗauko tsingaro, guntun fasasshiyar tukunya, ya aza mini a tafin hannu. Ya ce, "Itace na ruɓewa, ƙashi ma na ruɓewa. Wannan kam ba ya ruɓa. Shi ke tona musu asiri."

Ya koyar har furfura ta cika masa kai, ya rubuta littattafai da ban iya karantawa. Da ciwo ya kayar da shi, gida ya dawo. A garinmu, kafin a tura wa mamaci ƙasa, fasassun tukwane ake jerawa bisansa. Ya kama hannuna ya ce, "Ƙanwata, kada su sa mini tukwane. Itace nake so. Ban son wani irina ya same ni." Wallahi tsoro na gani a idonsa, mutumin da ya tallabi ƙoƙon kan mutane da hannunsa.

Ranar da ya rasu na faɗa wa baffanmu. Ya ce, "To, ɗiyata, na jiya." Mu mata ba mu zuwa makabarta, sai na zauna cikin masu gaisuwa.

Da la'asar na je ɗiban ruwa. Tsohuwar randar Inna ba ta nan, sai zagayen damshi inda gindinta yake. Ita mazan suka fasa suka jera bisansa. Ba mugunta suka yi ba, girmama shi suka yi da tukunya mafi kyau a gidan.

Ƙoramar bayan makabarta tana cin ƙasa kowace damina. In ruwa ya ɗauke, ban iya bi ta wurin, don na san zanen randar nan.