Makullin Babban Reshe

Kowa a ofishin nan Kawu yake ce masa, har manajan da ya girme shi da 'yan watanni. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi, ana hawa ta matattakalar ƙarfe mai kuka idan mai nauyi ya taka ta. Mutum bakwai ke aiki a ciki, suna rubuta wa asibitoci da makarantu manhajojin kwamfuta. Teburin Kawu yana kusurwa, ƙarƙashin fankar da ta daina juyi tun bara.

Da gyaran tafireta ya fara neman abinci. Ya yi shekara ashirin yana zaga ofisoshi da jakar kayan aiki, yana goge haruffa da buroshin haƙori. Da tafireta ta mutu, abokan sana'arsa suka watse, wannan ya koma gyaran agogo, wancan ya koma gona. Shi kuwa ya sayi wata tsohuwar kwamfuta a gwanjo ya zauna gabanta, da furfura a gemunsa, yana koyo da yatsa biyu. Bai taɓa yin sauri ba. Samarin ofis kan ce kafin Kawu ya gama layi ɗaya mace ta yaye ɗanta. Amma idan aiki ya rikice, wurinsa suke jawo kujera.

Aikinsa shi ne tsaron tarihi. A sana'ar nan duk gyaran da mutum ya yi, ana ɗora shi ne bisa na jiya, da sunansa, da ranar, da ɗan bayanin abin da ya taɓa. Kowa yana da nasa reshen da yake gwaji a kai, sannan akwai babban reshe inda ake haɗa aikin kowa, daga nan kuma kowa ke ɗaukar kwafi zuwa tasa na'urar. Wata shekara wani ma'aikaci ya ga tarihin ya yi masa datti, ya share ya sake jerawa, ya tura da ƙarfi ya danne na kowa. Aikin mutum huɗu na mako biyu ya tafi. Kawu ya yi kwana uku yana bin na'urori yana tsinto gutsattsarinsa. Tun daga ranar aka sa wa babban reshe kulle, yadda za a iya ƙari a kansa amma ba za a iya sharewa ba, aka ba Kawu makullin, wato kalmar sirrin da ke buɗe shi.

Duk sabon ma'aikaci sai ya sha karatun nan daga bakinsa. Reshenka naka ne, ka goge, ka kankare, ba ruwan kowa. Amma abin da ya hau babban reshe ya fita daga hannunka, domin wasu sun ɗauka sun yi gini a kansa. In kuskure ne, ka ɗora gyara a sama, ka rubuta cewa ka yi kuskure. Manaja da kansa ya taɓa roƙonsa ya share wani bayani da ya rubuta cikin fushi yana zagin wani kwastoma. Kawu ya ce masa ai zagin ya zauna daidai, har da wasali, a bar shi jikoki su karanta.

'Ya'yansa biyar, amma Auta ce kaɗai ta biyo shi. Tana ƙarama take zama gefensa tana danna masa abin da bai sa ta ba. Da ta gama karatu manaja ya ɗauke ta, ba don ubanta ba, don ta fi duk wanda aka gwada. Tare suke fitowa da safe, ita a gaba da jakarta, shi a baya yana cewa ta rage sauri, ofishin ba guduwa zai yi ba. A gida Baba take ce masa, a ofis kuwa Kawu, kamar kowa, don kada a ce tana taƙama da shi. Shekararta uku a wurin, an riga an damƙa mata aikin da ya fi kowane girma, manhajar wani asibiti wadda ke aika wa masu wankin ƙoda saƙon tes tana tuna musu ranar zuwa.

Wata Alhamis da hantsi asibitin ya bugo. Kwana tara wasu marasa lafiya ba su sami saƙo ba. Yawancinsu sun san ranarsu sun zo da kansu, amma wata tsohuwa da ta dogara da wayar jikarta ta tsallake wanki biyu, aka kawo ta ranga-ranga. Ta farfaɗo, da ƙyar. Asibitin ya ce ranar Litinin da azahar a kawo masa tarihin aikin gaba ɗaya, yana so ya ga wane ne ya taɓa me.

Auta ba ta yi minti goma ba ta gano wurin. Layi ɗaya ne, ita ta canza shi tana gyaran lissafin kwanan wata, sunanta na nan a jikinsa. Ta ɗora gyara, saƙonni suka ci gaba da tafiya. Sannan ta shiga bayi ta daɗe, ta fito da idanu jawur, ta ce wa manaja ita za ta tsaya gaban mutanen asibiti ta faɗa da bakinta. Manaja ya ce to, amma bai kalle ta ba. Kawu ya san mutumin shekara goma sha biyar, ya san abin da rashin kallon nan ke nufi. Idan asibiti ya nemi a cire wani, za a cire.

A gida ba ta ci abinci ba, ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Uwarta ta tambayi Kawu, ya yi mata bayani gwargwadon yadda za ta gane. Ta ci gaba da ninke wanki, har ya zaci maganar ta wuce. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Malam, ba kai ke riƙe da makullin ba?”

Ya ce mata ba haka ake yi ba. Ta ce ita ba ta san yadda ake yi ba, ta dai san yarinyar nan shekararta ashirin da shida, shi kuwa saura masa nawa ya ajiye aiki? Ba ta sake tayar da zancen ba. Shi ne ya wuni da shi ranar Juma'a, yana duban 'yarsa daga kusurwa, ta zauna tana rubuta abin da za ta faɗa a takarda, tana sokewa, tana sakewa.

Ranar Asabar ba a aiki. Ya ce wa mutanen gida zai je aski, ya hau matattakalar a hankali. Ya buɗe kullen. Ya koma baya cikin tarihin har zuwa layin nan, ya cire sunan Auta ya sa nasa. Da yake kowane gyara yana ɗaure da na ƙarƙashinsa, taɓa ɗaya ya sa duk na samansa suka sake lambar da ake gane su da ita, sai da ya jera su daga farko ya tura da ƙarfi. Bai manta cewa kowa na da kwafi ba, shi da yake koya wa mutane wannan. Ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya, ya kunna kowace na'ura, ya daidaita ta da sabon tarihin, har da ta Auta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga da yatsa, yadda yake ƙirga tafiretoci a da kafin ya bar ofis, tebur bakwai, na'ura bakwai. Ya mayar da kulle. Ya biya ta wurin wanzami don kada a tambaye shi.

Teburan ya ƙirga. Bai ƙirga 'yar kwamfutar cinya da wata ma'aikaciya, wadda suke kira Mai Tabarau, ta tafi da ita gida tun Laraba ba, saboda ɗanta na kwance.

Litinin da safe Mai Tabarau ta zo da aikinta na kwana huɗu, ta yi ta turawa na'ura na ƙi, tana cewa tarihinta da na ofis sun raba hanya. Ta yi dariya ta ce ga shi rashin barci ya sa ta jagwalgwala abu, ta kira Auta ta duba mata kafin Kawu ya ji ya fara wa'azi. Auta ta jawo kujera. Kawu yana ganinta daga inda yake. Ta jera tarihin biyu gefe da gefe tana sauka a hankali, sai hannunta ya tsaya. Sannan ta juyo ta dube shi, kuma a gaban kowa, a cikin ofis, ta ce, “Baba.”

Ya miƙe da kansa ya shiga wurin manaja ya faɗi komai. Ya ce shi kaɗai ya yi, yarinyar ba ta sani ba. Manaja ya dafe kai. Ya ce ai tun jiya likitan da ke kula da sashen wankin ƙodar ya gaya masa a waya cewa kuskure kowa na yi, abin da suke so shi ne su ga yadda ya faru don a toshe hanyar. Yanzu fa? Ko an maido da tsohon tarihin daga na'urar Mai Tabarau, babbar na'urar da ke ɗauke da babban reshe ta riga ta rubuta cewa an buɗe kulle ranar Asabar, kuma wannan ma yana cikin abin da za a kai.

Aka maido, aka kai. Auta ta tsaya ta faɗi abin da ta shirya, muryarta ba ta yi rawa ba. Mutanen asibiti suka saurara, suka gyaɗa kai. Sai wata mata daga cikinsu ta tambaya, sunan wa aka cire? Aka faɗa. Wa ya cire? Aka faɗa. Me ke tsakaninsu? Aka ce uba ne da 'yarsa. Kawu ya rantse cewa yarinyar ba ta sani ba, suka ce sun ji. Kafin la'asar suka aiko cewa kada uban ko 'yar su sake taɓa aikinsu.

Kawu ya ba manaja makullin a ranar, ya kwashe kofinsa da tabarmar sallarsa. Ba a kori Auta ba, an dai mayar da ita kan ƙananan ayyukan makarantu. Ba wanda ya faɗa mata magana marar daɗi. Sai dai duk abin da ta rubuta yanzu mutum biyu ke dubawa, kuma ta lura idan za su fita cin abinci suna rufe na'urorinsu, abin da ba a yi a da. Ta daure wata biyu. Ta nemi aiki wurare uku, amma sana'ar ƙarama ce, labari ya riga ta zuwa, kuma ba labarin layi ɗaya da kwanan wata ake bayarwa ba. Daga ƙarshe ta samu koyar da kwamfuta a wata makarantar firamare a can ƙarshen gari, ta koma zama gidan yayarta don ya fi kusa.

Tana zuwa gida duk ƙarshen mako. Takan durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi ƙafarsa, ta ajiye masa maganin hawan jini, sannan ta wuce wurin uwarta, ya riƙa jin hirarsu ta bango. Idan ya tambayi aiki sai ta ce lafiya lau.

Wata rana da yamma uwar ta fita unguwa, suka rage su biyu a tsakar gida. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya ce mata shi fa so ya yi ya ɗauke mata, tunda shi ya gama nasa zamanin. Ta ce ta sani. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun ranar.

“To me ya rage, Auta?”

Ta ɗago ta dube shi.

“Kuskuren nawa ne, Baba. Na yi kwana uku ina shirin ɗaukarsa, kuma da na iya. Ko tambayata ba ka yi ba. Kai ma ba ka yarda zan iya ba.”

Ta duba agogon wayarta ta ce bari ta tashi kada motocin unguwarsu su ƙare. Ya rako ta har bakin titi, ya tsayar mata da mota, ya gaya wa direba inda za ta sauka, ko da yake ta riga ta faɗa. Ta ce ya koma ciki, sanyi ya fara sauka. Ya ce to, amma ya tsaya a wurin har motar ta sha kwana.