Hular Ubaidullahi

Ranar Laraba ƙarfe tara na kai wa ɗana Ubaidullahi, mai gyaran wutar mota a Kalgo, tsohuwar motata. Fitilunta masu kunna kansu ne, amma sukan kama da rana tsaka. Ƙarfe goma ya ɗauke hulata daga gaban gilashi, ya nuna mini ɗan idon da ke auna haske.

"Baba, da digirinka biyu, ai kai ke rufe mata ido."

Bayan la'asar ya ce kansa na ciwo. Washegari muka binne shi a Gwandu.

Da aka raba kayansa, hularsa kaɗai na ɗauka, na ɗora kan idon nan. Direbobi kan yi mini nuni da rana tsaka cewa fitilata a kunne take. Ina ɗaga musu hannu.