Sunan da Inna Ta Hana Leda

Jajayen awakin Inna duk jinin akuya ɗaya ne, wadda kakata ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan Baba a Madarunfa. Bunsuru a sayar, a yanka, amma mace ba ta barin gidan. A shekarar da nake faɗa saura biyu suka rage, uwa da ƴa.

Sai uwar ta fara ramewa, ga ciki kamar tulu. Muka ce ciki ne, har maƙwabta na yi wa Inna barka. Ashe ba haka ba ne. Da ta kwanta ta kasa tashi aka kira mahauci, ya farke tumbin, ya zaro dunƙulen baƙar leda, girmansa ya kai kan jariri. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a kan dabba ba sai rannan, kuma wallahi ni ma abin ya taɓa ni.

Washegari aka kafa doka: leda ba ta ƙara tsallake zaurenmu. Man gyaɗa a kwalba, gishiri a gwangwani, nama a kwano. Ni da gemuna, na dawo daga kai kaya Jibiya, Inna ta tare ni a zaure sai ka ce ƴan duwan masu binciken kaya a kan iyaka. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan, mi ke ƙara cikin aljihunka?"

Tsire ne a leda. Haka na juye shi a tafin hannu da zafinsa, na shiga gida ina tsalle.

Ana cikin haka matata ta haihu. Kowa ya san yadda ake suna: waina, goro, dabino, a ƙulla wa kowa nasa a leda, in an watse wuri ya koma bola. Na je na durƙusa.

"Inna, yini ɗaya ne fa. Ni da kaina zan share."

"Kai? Kai da ba ka san inda tsintsiya ke kwana ba?"

"To a ɗaure akuyar mana."

"Uwarta ma a ɗaure take. Iska ta kai mata har turke."

Raina ya ɓaci, na ce mutane za su yi da mu. Ta ce su yi, baki nasu ne, akuya tata ce.

Ranar suna dangi suka cika ƙofar gida, daga Safo, daga Gabi. Aka shafa fatiha, aka fito da faranti faranti na waina tana naso, ba abin ƙullawa. Inna ta aiko daga ciki cewa mai ci ya ci a nan, mai kai wa gida ya nemi dabara. Mata ba su sha wuya ba, kowace ta ƙulle nata a bakin zane. Maza fa? Tab! Kawuna na Safo ya cusa waina a aljihun farar shadda, kafin ya miƙe mai ya keto har gwiwa. Can sai tsohon ladanin unguwarmu ya cire hula ya cika ta. Shi ke nan, kowa ya bi. Ban taɓa ganin sanƙo da yawa haka a wuri ɗaya ba. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ja'irar akuyar ta tsinke igiya ta fito. Ta sunsuna nan, ta sunsuna can, ba ta samu komai a ƙasa ba sai hular ladan da ya ajiye yana neman takalmi. Ta cinye wainar, ta haɗa da gefen hular. Ladan yana salati, mu muna ja, ita ma tana ja. Da aka gaya wa Inna cewa ta yi, "Zare ne, zai narke."

Ya kuwa narke. Da damina akuyar ta haifi tagwaye, duka mata. Ni dai na daɗe ina shan tsiya a tasha, wai mai sunan huluna.

Bara Inna ta rasu, ta bar turke cike da jajayen awaki. Ranar sadakar bakwai na tsaya a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Ba wanda muka gaya wa komai, amma sai ga mutane suna zuwa kowa da kwanonsa a hannu. Ladan ya zo a ƙarshe yana dogara sanda, da waccan hular da akuya ta ci gefenta a kansa. Ya cire ta ya miƙo mini. Nan na yi kukan da na kasa yi ranar jana'iza, sannan na cika masa ita da waina.