Ankon Ritayar Maigidana

Maigidana alƙali ne a babbar kotu, ni kuma malamar makaranta ce da ta ajiye alli. Ritayarsa na ɗanɗana ta tun kafin ta zo. Shekarar da rikici ya koro danginmu daga arewacin jiha suka cika mana gida a Jimeta, ya ɗauki hutu wai don ya taimaka. Taimakon shi ne ya kafa kujera a bakin famfo yana sauraron ƙara. Wadda ta ce ita ta riga ajiye bokiti sai ta kawo shaida. Rigimar tsintsiya ɗaya ya yi ta ɗage ta har tsintsiyar ta ƙare. Ni kaina ya taɓa hana ni magana a kicin ɗina, wai ba a kira ni ba tukuna.

Don haka da ya doshi sittin da biyar, kowa na murna, ni ina tunanin inda zan ɓuya. Yayarsa da muke kira Adda ta fitar da anko daga Yola Gari: atamfa mai hotonsa da hular gashin nan ta alƙalai, an rubuta "Barka da hutawa" a ƙasa. Teloli sun gama ɗinki ke nan, sai rediyo ta ce an ƙara wa alƙalai wa'adi zuwa saba'in.

Sai dai dokar ba ta tilasta wa kowa zama ba. Adda ta ce an riga an ɗinka, ba mai kunyata ta. Shi ma ya fara zancen gonarsa ta Girei, da yadda zai gyara tsarin gidan nan. Da ya nemi ra'ayina, na yi masa dogon jawabi a kan kishin ƙasa, da ƙananan lauyoyi masu bukatar gogaggu, da shari'un da za su zama marayu.

Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Malama, hujjarki ba ta da ƙarfi. Amma kotu ta lura ba ki taɓa yabon aikina haka ba."

"Bukatar hakan ce ba ta taɓa tasowa ba, ranka ya daɗe."

Washegari ya shaida wa Adda zai ci gaba da aiki. Walima dai an yi ta, tunda an gayyaci jama'a. Muka sha anko, muka ci shinkafa, mai gabatarwa na ta laluben sunan da zai kira taron. Ranar Litinin na raka maigida har bakin mota, abin da ban saba ba, na tsaya sai da na ga ta sha kwana.