Graciana Larralde Ce Ta Ƙera Motar

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, Ubangiji ya karɓi ran Graciana Larralde a gidanta da ke gabashin Bakersfield, tana da shekara tamanin da uku. 'Yarta Maite ce ta kira ni. Ni ne Mikel, ƙanin mijinta, kuma shekara sittin ina cin abincin hannunta.

Kwana biyu bayan haka ƙungiyarmu ta masu tseren tsofaffin motoci ta fitar da sanarwa. Suka ce an yi rashin "matar marigayi Pello Larralde, gwanin da ya ƙera koriyar motar nan." Na karanta sau uku. Graciana, yau zan faɗi abin da na rufe baki a kansa tun 1968, wanda zai ji haushi ya ji.

Yayana Pello mutumin kirki ne, makiyayi ne da ya san kowace tunkiya a garkensa da fuska. Amma in ka ce ya miƙo maka sufana, sai ya miƙo filaya yana murmushi. Bai taɓa ɗaure noti ɗaya a jikin motar nan ba, kuma shi da kansa bai taɓa cewa ya ɗaure ba.

Ke kika gano gangar jikinta a 1966, Ford ƙirar 1932, yashe a bayan wani garken tumaki, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Kin koyi walda a shagon mahaifinki, inda ake gyaran bututun rijiyoyin mai, don haka ba ki nemi shawarar kowa ba. Kika auna rufin, kika ja layi da alli, kika yanke inci huɗu daga tsayinsa. Na shigo gareji na tarar da rufin a ƙasa, na dafe kai.

"Matar Yaya, kin kashe motar nan!"

"In ba riƙe mini za ka yi ba, matsa, kana tare mini haske."

Na riƙe. Da kika mayar da rufin, motar ta sunkuyar da kai kamar sa mai shirin tunkuyi, kuma har yau ba wanda ya iya nuna inda kika haɗa ƙarfen.

Rigimar gaske a kan inji aka yi ta. A lokacin, duk wanda yake son a kira shi namiji a filin tsere, inji mai silinda takwas yake sakawa. Ke kuwa kika ciro mai silinda shida a jere daga tsohuwar motar da Pello yake kai tumaki kasuwa da ita. Kika ce kin san shi ciki da waje, kin ji yadda yake jan kaya a hawan dutse ba ya haki. Kika faɗaɗa silindojin, kika jera masa kafireto uku masu haɗa masa mai da iska, kika lanƙwasa bututun hayaƙi da hannunki. Da yake injin ya fi gurbinsa tsawo, sai da kika tura bangon gaban motar baya, har wurin ajiye ƙafa ya matse.

Dwight Kessler, shugaban ƙungiya a lokacin, ya zo kallo. Ya leƙa, ya ƙirga silindojin da yatsa.

"Madam, ina sauran biyun? Ko kyarkeci ya cinye su a garke?"

"Na bar maka su, Dwight. Na ji naka takwas ɗin ba sa isarka."

Haka fenti. Kowa yana zana harsunan wuta a gefen motarsa, yana lulluɓe ta da ƙarfe mai ƙyalli. Kika shafa mata kore mai duhu, launin kwalbar ruwan inabin da muke sha a teburin Lahadi, kika bar gefen injin a buɗe. Kika ce wanda ya yi aiki mai kyau ba ya rufe shi.

Dokar ƙungiyarmu a wancan zamani ta hana mace tuƙi a tsere. Saboda haka a watan Yuni na 1968, a busasshen tafkin El Mirage, sunan Pello aka rubuta a takarda, ke kuma kika sa hular kwano da tabarau kika shiga mota. Pello yana zaune a bayan tirela ya ja hula ya rufe fuska, yana addu'a. Na tura ki da a-kori-kura har injin ya kama. Kika ɓace mini. Sai mai agogo ya ɗaga murya ya ce mil ɗari da arba'in da ɗaya a awa, fiye da kowa a ajinmu ranar nan.

Da kin so, da kin zauna a ciki har a ja ki gefe, asiri ya rufu. Amma kika dawo gaban rumfar alƙalai, kika fito, kika cire hular, kitsonki ya zubo.

Aka kira taron gaggawa, mutum bakwai. Ina cikinsu. Dwight ya ce zaɓi biyu ne: ko a soke sakamakon a kori gidan Larralde, ko a bar sunan da ke takarda a yi kamar ba a ga komai ba. Aka ɗaga hannu a kan na biyu. Nawa hannun yana cikin waɗanda suka tashi. Na gaya wa kaina gidanmu nake karewa. Ƙarya nake yi, tsoron dariyar maza nake ji.

Ba ki taɓa yi mini gori ba. Shekara uku bayan haka, sarƙar rijiyar mai ta cire mini yatsu uku na hannun dama. Na daina fita, na daina aski. Wata Asabar kika zo da motar, kika tsaya a ƙofa kina danna ham har na fito. Ashe kin yi mako biyu kina sake ƙera sandar giya, kin yi mata zobe daidai yatsun da suka rage mini.

"Shiga ka kai ni cefane. Wake ya ƙare."

Ranar na tuƙa, kuma ranar na ci abinci.

Bayan rasuwar Pello, masu tara motoci suka yi ta sintiri. Wani ya zo tun daga Arizona, ya ce zai sa mata injin da ya dace da darajarta, ya kai ta wurin nuni. Kika zuba masa miyar kabeji, kika yanka masa burodi, kika jira ya ƙoshi, sannan kika raka shi har bakin titi. A watanninki na ƙarshe, da bututun iska a hancinki, kowace Lahadi bayan coci sai Maite ta tura ki a keken marasa lafiya zuwa gareji a tayar da injin. Kina rufe ido ki saurara, ki ce ga wanda yake tari a cikin silindojin nan shida. Ba ki taɓa kuskure ba.

Jiya na je taron ƙungiya da sandata. Na miƙe na ba da labarin nan kamar yadda na rubuta shi. Wani matashi cikin shugabanni ya ce littafin tarihi ba a taɓa shi, waɗanda suka yanke hukuncin duk sun mutu. Na ce saura ɗaya, ga shi a tsaye, kuma ya janye hannunsa. Sun ce za su duba a taron wata mai zuwa. Zan je. In suka ɗage, zan sake zuwa.

Ubangiji ya ji ƙanki, Graciana. Ya yafe miki zafin bakinki, ya saka miki da alherin hannunki, ya ba ki hutawa a cikin haskensa tare da Pello. Ni ma ya yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta Maite da Andoni, da jikoki biyar, da 'yar'uwarta Felisa, da dukan dangin Larralde na nan da na can ƙasar kakanninmu. Allah ya ba ku haƙuri. Maite, akwai saƙon da ta ba ni ranar Lahadin ƙarshe, ta ce kada in manta: in zafi ya shigo, a sassauta kafireton tsakiya kaɗan, kuma kada a bar Andoni ya taɓa shi. Na isar.

Amin.