Injin da Ke Jin Kunyar Mai Rediyo

Ranar da surukin Mai Rediyo ya zo gaishe shi, a ƙofar shago ya same shi tsugune da sandar goge-goge, yana zungurar wani tsohon inji daga nesa yana cewa, "Haba, yi haƙuri mana, me na yi maka?" Suruki ya yi sallama. Tsoho ya zabura zai miƙe, ƙafa ta harɗe da waya, sai ga shi zaune daram cikin bokitin ruwa. A nan ya amsa gaisuwar, har da tambayar mutanen gida.

Mai Rediyo a gyara ya tsufa. Rediyo, fanka, dutsen guga, duk abin da ya mutu a layin, teburinsa ake kai gawar. Ba ya yarda da sabon kaya, ba ya yarda da likita. Abu guda ya yarda da shi, wannan inji da yake kira osiloskof, sunan da ke fitowa bakinsa kamar atishawa. Akwatin ƙarfe ne mai nauyin jaki, da ɗan gilashi a goshi. In ya jona masa rediyo, wani koren layi siriri kamar zare ya fito yana rawa, daga rawar yake gane ciwon.

To, zaren nan ne ya lalace. Da ya matso da fuska, sai ya karkace ya bazu kamar hayaƙi. Da ya ja baya bakin ƙofa, ya dawo tsaf. Ya goge gilashi da yawu da bakin riga. Ya murɗa maɓallin daidaita layi har ya cire a hannunsa. Ya buɗe bayan injin ya hure ƙura, wuta ta ja shi sai da ya kira sunan kakarsa. Ƙarshe ya yanke hukunci: injin kunyarsa yake ji. Shi ya kawo sanda.

Suruki bai iya riƙe baki ba. Washegari sai ga Auta, 'yar tsohon, da mijinta, surukin nan, a baya riƙe da sabon kwaɗo.

"Baba, idonka ne ya tafi. Mai gani daga nesa kaɗai ba ya wasa da wuta. Yau za a rufe shagon nan."

Tsoho ya girgiza kai. Gida ya sani: tabarma, bango, da jikoki masu hawa wuya.

"Idona ƙalau. Matso ki duba da naki."

Ta sunkuya. Zare tsaf, yana rawarsa.

"Ka gani? Lafiyarsa lau."

"Tsaya in zo."

Ya kawo kansa kusa da nata. Nan take layin ya watse.

"Kai! Ni ma na ga hayaƙi," in ji Auta. Ta ƙara leƙawa, sai makullan da ke hannunta suka yi tsalle, ƙyas, suka manne a hular ubanta. Suruki ya ja da baya yana addu'a.

Ta cire hular ta juya. A ciki, ɗinke da baƙin zare, maganaɗisun tsohuwar sifika ne, da ƙananan ƙusoshi jingim a jikinsa. Kwanakin baya ƙusoshi suka dame shi da ɓacewa, ya ƙirƙiro wannan dabara, ya yaba wa kansa, ya manta. Injin kuwa ba ya shiri da maganaɗisu ko kaɗan, abin da Mai Rediyo ya fi kowa sani.

Auta ta yi dariya har da riƙe tebur.

"Shi ke nan, Baba, ido ya fita daga zargi. Amma wanda ya kwana ya tashi da ƙarfe a ka bai sani ba, ai kan ne da matsala."

Tsoho ya karɓi hularsa, ya kaɗe, ya dubi mai riƙe da kwaɗo daga sama har ƙasa.

"Da saboda matsalar kai ake rufe shago, 'yata, da mijinki bai taɓa buɗe nasa ba."