Ranar da Na Zama Injin Jirgin Ƙasa

Har in ajiye sukundireba ba zan manta da ranar da na zama injin jirgin ƙasa ba. Lokacin ina mai gyaran wuta a wani ofishin sayar da gidaje a Abhur, can ƙasa mai tsarki. A tsakiyar zauren baƙi akwai faffaɗan teburi da aka ƙera siffar unguwar da za a gina a kansa: gidaje kamar kwalin ashana, dabinai na roba, ɗan masallaci, da jirgin ƙasa mai tsawon kamu biyu yana kewaya su. A ainihin filin ko titi babu, balle jirgi, amma mudir, wato manajan ofishin, ya ce jirgin ne ke sa mutane su sa hannu.

Ranar da za a fara sayarwa, jirgi ya ƙi motsi. Irinsa daga layin dogonsa yake shan wuta, don haka ƙa'ida ita ce ka bi wutar tun daga bango. Soket lafiya. Taransifoma tana bayarwa. Na jona wa kan jirgin waya kai tsaye, ƙafafunsa suka hau juyawa. Na mayar da shi kan layi, ya yi ƙememe. Saura in duba layin sai ga motocin baƙi a ƙofa.

Mudir shi ne kafilina, mai tsaya mini a ƙasar, kuma iƙamata, takardar izinin zamana, na hannunsa tana jiran sabuntawa. Ya ce, "Ya Ilyasu, in jirgi ya tsaya, cewa za a yi ginin ma ya tsaya. Halas, magana ta ƙare: ko ya tafi ko ka tafi."

Bakur direbanmu, haifaffen unguwar Hindawiyya, ya ja ni gefe. "Ya akhi, mafi mushkila, ba matsala ɗan'uwa. Ba tafiya ake so ba?" Ya farke wata tsohuwar lasifika ya zaro maganaɗisunta. Na cire haƙorin injin don ƙafafun su sake, na kwanta rigingine a kan katako mai taya da muke jan kwalaye, na shige ƙarƙashin teburin, wanda labule ya rufe har ƙasa. Na manna maganaɗisu a cikin teburin daidai ƙasan jirgin, na tura katakon da dugadugai, jirgi ya biyo. Daga sama na ji tafi.

Haka na yi ta kewaye cikin duhu, ina hango takalman masu kuɗi ta ƙasan labule. Bakur ya tsaya gefe yana raɗa, "Shwayya shwayya, a hankali, ka shiga kwana kamar ɗan tasi!" Da na rikice na ja baya, sai na ji mudir yana bayani da murya mai nauyi cewa jiragen zamani gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsu.

Da aka kira azahar hannuna ya riga ya mutu. Na ce ko korata za a yi sai na yi salla. Na sulale ta baya. Ashe daidai ɗan masallacin na saki jirgin.

Bakur ne ya ba ni sauran labari. Wata dattijuwa da ta zo da 'ya'yanta ta tambayi abin da ya tsayar da shi.  Kafin mudir ya amsa, ta kasa kunne ga ladan, ta dafe ƙirji. "Masha Allah! Jirgi mai tsayawa salla!" Nan take ta sa babban ɗanta ya kama gidan da ke kusa da masallacin. Kafin la'asar an sabunta mini alkawarin iƙama har sau biyu.

Washegari na gano cutar: masu shara ne suka shafe layin da man goge katako don ya yi ƙyalli, man ya tare wutar. Na goge, na mayar da haƙori, jirgi ya kama gudu da kansa. Ina jiran yabo, sai ga mudir fuska a murtuke.

"Wannan gyaran banza ne? An kira salla yana ta yawo!"

Sai da na haɗa masa agogon da ke yanke wutarsa sau biyar a rana, har da asuba, lokacin da ofis ke kulle.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: mita tana gaya maka inda wuta ta tsaya, amma mai kaya ne kaɗai ya san abin da yake kira gyara.